Tuwon Mai Kwance

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan manta ranar da masu saran rake suka kwanta mini a gona ba.

Lokacin ina aikin ofis a Ikara, aka tura mu bita kan abinci. Wata nas ta ce ko mutum yana kwance jikinsa na ƙona abinci, don zuciya na bugawa, numfashi na tafiya. Ta nuna mana yadda ake lissafa wannan da nauyi da tsawo da shekaru. Ni kuwa sarkin wayo, na kwafe na sulale waje kada shinkafar bita ta ƙare. Ashe bayan fitata ta ce wannan tushe ne kawai, sai an ɗora na aikin da mutum yake yi.

A satin na ɗauki mutum shida su sare mini rake a Makarfi, mota za ta zo kwasa da la'asar. Na buga lissafi a waya, na ce wa matata ta rage tuwonsu da rabi, ilimi ya zo.

"Baban yara, masu sara ne fa," in ji ta.

"Ke dai tuƙa abin da na ce."

Da azahar na kai musu. Dattijon cikinsu ya buɗe kwano, ya dube ni.

"Malam, na ɗanɗano ne wannan?"

Na gyara tsayuwa na zuba bayani har da Turanci. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "To, lissafin nan na mutumin da ke wane aiki ne?"

"Na wanda ke kwance ne, Baba."

Maganar na fita na san na yanka kaina. Ya ce madalla. Suka share kwanon, suka wanke hannu, suka baje a gindin mangwaro, kowa hula a fuska. Na yi faɗa, na dawo roƙo, ko motsi. Ɗaya har da minshari, wallahi!

Direba ya iso ya tarar da rabin rake a tsaye, ya juya ya shiga gonar maƙwabcina. Raken da aka sare ya kwana uku a rana yana bushewa. Kunya ta hana ni kallon matata.

Abin da na koya shi ne, rabin ilimi ya fi jahilci ɓarna. In za ka auna wa mutum abinci, fara duba abin da ke hannunsa, biro ne ko adda.