Muryar da Na Tarar a Zauren Bungudu

Shekarun baya, lokacin ina sabon buɗe shagon ɗinki a Gusau, babu abin da ke ɗaga ni daga kan keke in ba salla ba sai reslin, kokawar nan ta Turawa. Tun ina yaro a Tsafe na kamu da wannan ciwon. A wancan zamanin faifai ake kawowa, sai wasa ya yi wata da watanni da ƙarewa a can ƙasarsu kafin ya iso gidan kallon unguwarmu, mu kuma mu cika benci muna ihu kamar a gabanmu ake yi. Mun yi imani duk gaske ne. Na taɓa ƙin cin tuwo saboda an karya wa gwanina kujera a gadon baya, har mahaifiyata ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Da manyan wayoyi suka shigo hannunmu sai komai ya sauya. Wasan da aka yi jiya, yau da hantsi yana aljihunka. A waya ne na fara ganin hoton gwanina da babban maƙiyinsa zaune a tebur ɗaya da iyalansu, suna cin abinci suna dariya. Na yi kwanaki ina jin haushin kaina. Amma abin mamaki, sanin cewa shiri ne bai raba mu da kallon ba, sai ma ya ƙaro mana abin gardama. Da muna musun wa ya fi ƙarfi, yanzu mun koma musun wa ya cancanci bel ɗin zakara, wa kuma masu tsara wasan suka danne wa haƙƙi.

Abokina mai sayar da takalma kusa da shagona shi ya jefa ni wani guruf na waya na masu kallon reslin. Akwai 'yan Gusau, akwai na Tsafe da Bungudu, har da wani daga 'Yankuzo da sai ya hau tudu yake samun sabis. Babu mai amfani da sunansa na yanka, kowa hoton gwaninsa ya liƙa. Ni gwanina wani siriri ne mai tsalle daga kan igiya, don haka aka laƙaba mini Ɗan Tsalle.

A cikin guruf ɗin akwai mutum ɗaya da ya zame mini ƙarfen ƙafa. Shi kullum mugun ɗan wasa yake goyon baya, wani jibgege mai gemu da ke tsokane idon mutane in alƙalin wasa ya juya baya. Ba ya rubutu, saƙon murya kawai yake turowa. Muryarsa mai kauri, ba ya gaggawa, kuma yana da wata dariya ƙasa-ƙasa da ke sa jinina ya hau. Duk ranar da aka doke gwanina, kafin in gama share kan keke saƙonsa ya shigo, yana yi mini jaje kamar an yi rasuwa.

Ni ma ban raga masa ba. Ranar da abin ya fi zafi na danna waya na ce masa muryarsa ta nuna ya kwana biyu a duniya, ya bar mana reslin ya koma sauraren rediyo da jan carbi. Ya amsa da cewa tun talabijin ba ta da kala yake kallon wasan nan, lokacin ko yaye ni ba a yi ba. 'Yan guruf suka yi ta zuga mu. Har ta kai in mun yi shiru kwana biyu sai a fara tambaya ko lafiya.

Ana cikin haka na haɗu da wadda yau take matata. Karatun aikin jinya take yi a Gusau, ta kawo mini ɗinkin kayan makaranta, na ɓata hannun rigar da gangan don ta dawo. Ta dawo ɗin, ta kuma gane da gangan ne. Da magana ta yi nisa sai ta gaya mini mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, wan mahaifinta ne ya riƙe ta a Bungudu, kuma ya ce kafin in turo manya yana so ya gan ni da idonsa. Ta gargaɗe ni cewa Baba mutum ne mai tsare gida, ɗan kasuwar hatsi ne da ake kai wa ƙara in an saɓa, ya kuma taɓa korar wani manemin yayarta saboda rawar kai.

Na ɗinka wa kaina sabuwar shadda, na ari hular wana. Wata Asabar bayan azahar abokina ya goya ni a babur muka kama hanyar Bungudu. Tun daga fitarmu Gusau nake maimaita gaisuwa a zuciyata.

Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Can sai ga dattijo ya fito, farin gemu, babbar riga, carbi a hannu. Muka durƙusa. Ya zauna a kan darduma ya ce mun sha hanya, ya tambayi mutanen gida. Na ji muryar ta yi mini kama da wadda na sani, amma na ce a raina tsoro ne kawai. Sai abokina ya faɗi wani abu game da ramukan hanya, dattijon ya yi dariya. Wannan dariyar ce, ƙasa-ƙasa, ba gaggawa.

Abokina ya mintsine ni a cinya. Na kalle shi, na ga shi ma idonsa ya fito.

Nan take na gane a gaban abokin gardamata na guruf nake zaune. Abu ɗaya ya zo mini: kada in bari ya ji muryata. Duk tambayar da ya yi sai in sunkuyar da kai in matse maƙogwaro in ce e ko a'a da wata 'yar siririyar murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Ya tambayi sana'ata, na ce tela kamar mai raɗa. Ya tambayi asalin gidanmu a Tsafe, abokina ya karɓe zancen, ya ce a yi mini uzuri, mura ce ta kama ni.

Baba ya gyara zama ya ce, "Mura? Allah Ya sawwaƙe. Amma shekaranjiya lafiya lau na ji shi."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro waya, ya nisanta ta da fuskarsa yana lalube da yatsa ɗaya. Sai kawai muryata ta cika zauren, garau, ina cewa ya koma sauraren rediyo da jan carbi. Bai kashe ba sai da saƙon ya ƙare. Ya ɗaga carbin da ke hannunsa ya nuna mini, ya ce ga shi ya bi shawara.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na fara ba da haƙuri, kalmomin suna harɗewa, ina cewa wallahi ban sani ba, ƙuruciya ce. A raina na riga na sallama auren, ina tunanin yadda zan kalli yarinyar nan in gaya mata reslin ya raba mu.

"Ɗan Tsalle," ya ce, "ɗaga kanka. Mi ya same ka? A waya ba haka kake ba."

Na ɗago na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ashe tun ranar da 'yarsa ta ba shi lambata don ya kira ni, yana sakawa wayar ta nuna masa hoton mai tsalle daga kan igiya. Ya ce ya daɗe bai yi dariya irin ta ranar ba. Daga nan ya koma baya ya saurari saƙonnina ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya ji rashin kunya, ya ji cika baki, amma bai ji ashar ba, bai ji na taɓa iyayen kowa ba, alhali wasu a guruf ɗin da an taɓa gwaninsu sai su zagi uwa da uba. Ya ce ya ga bakina lokacin da nake cikin fushi ban san ana kallona ba, wannan ya rage masa rabin bincike. Sauran rabin kuma ya aika Tsafe an yi masa.

Muna haka matarsa ta turo kwanon fura daga bakin ƙofa, ta ce daga bayan labule, "Ashe kai ne mai sa shi barin tuwo ya huce yana magana da waya." Baba ya yi gyaran murya ya ce mata ana maganar manya.

Kafin mu tashi ya ce in turo magabatana, amma da sharaɗi. Kada kowa a guruf ya san ko shi wane ne, don mutumin da ke raba gardama a kasuwar hatsi bai kamata a ji yana kare mai tsokane ido ba. Na ce na ɗauka. Sai ya nuna ni da carbi ya ƙara da cewa, "Kuma in ka koma goyon bayana don ɗiyata, na fasa. Ban son suruki munafuki."

A hanyar dawowa sai da abokina ya tsayar da babur a gefen titi, ya sauka ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye. Ni ma na zauna a kan dutse na yi ta yi.

An yi biki bayan kaka. Yau 'ya'yanmu suna zuwa hutu Bungudu, kuma kakansu ya riga ya lalata mini babban, ya koma bayan mugaye.

Idan na tuna wannan abu nakan yi mamakin yadda waya ta haɗa ni da dattijon da a ido ko zama kusa da shi ba zan iya ba, muka yi ta gardama kamar sa'o'in juna. Ba don ita ba da har abada gaisuwa ce kawai tsakaninmu, in durƙusa, ya amsa, in tashi, ban san yana da ban dariya ba, shi ma bai san ina da baki ba. Tun daga ranar kuma, duk wanda zan mayar wa magana a waya sai na tsaya na ɗan yi tunanin ko wa ke riƙe da ita a can ɗaya ɓangaren.

Sirrin Baba yana nan har yau, ni da abokina da matata da matarsa kawai muka sani, shi ya sa ban kama suna ba. In ku 'yan guruf ɗinmu ne kuka karanta wannan kuka gane shi, don Allah ku yi kamar ba ku gani ba. Ina da 'ya'ya a gidan mutumin nan.