Abin da Burul Take Kira 'Yar Baƙa

Duk ƙauyen Ak-Bulak, can gefen tafkin Isik-Kul, babu wanda bai san maɗin Burul ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayarta ko tana son dafa shi. To, ba ta so. Tun da ƙuruciya ta gaji da shi, ga shi har furfura ta cika mata kai tana nan a bakin murhu da muciya a hannu. In zafi ya shigo mutane suna murna za su je tafki wanka, ita gabanta ne yake faɗuwa, don ta san lambun bayan gida ya fara nuna.

Lambun kashi biyu ne. Ɓangaren rana malina ce, wata 'yar itace ja, mai laushi, mai ƙananan ƙayoyi da ke kakkarce hannu har gwiwa. Malina ba ta jiran kowa. Ka tsinke ta da safe, kafin la'asar ta fara zubar da ruwa, gobe ka tarar ta yi funfuna. Ba a wanke ta, sai dai a zauna a tsince tsutsa da ganye, a zuba a daro, a rufe da sukari har ta saki ruwanta, sannan a ɗora a wuta. Wadda ta fi kyau Burul ta ware, ta murza ƙullu ta shimfiɗa, ta zuba malinar a ciki ta gasa a tanderu. Daga nan sai wankin kwalabe, sai turara su, sai saukar da su ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, hawa da sauka, da gwiwar da ta daɗe da daina yi mata biyayya. 'Ya'yanta huɗu duk suna Rasha wurin aiki. In sun bugo waya, bayan gaisuwa abu na farko shi ne, "Apa, yaushe direba zai taho da kwalaben?" Apa dai shi ne uwa a bakinmu.

Ɓangaren inuwa kuwa wata ce baƙa sitik, ƙanana kamar idon kaza, mai tsami. Ita kuma sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya da almakashi an yanke mata gashin kai da na gindi. Kowa a ƙauyen yana ce mata karagat. Burul kaɗai ce take ce mata 'yar baƙa, domin Karagat sunan uwar mijinta ne.

A wajenmu matar ɗa ba ta kama sunan dangin mijinta, ko da sunan ya yi daidai da na wani abu da ake ci kullum. Sai ta nemo masa wani suna. Burul ta san haka sarai tun daga gidansu. Amma shekarar da aka kawo ta, tana yarinya ɗanya, an yi baƙi, ta durƙusa tana zuba shayi, sai bakinta ya suɓuce ta ce, "Ga maɗin karagat, ku sa a shayi." Uwar mijin ba ta ko kalle ta ba. Ta ɗauki kofinta ta kife, ta juya wajen ɗanta ta ce, "Toktosun, a wane gida ka samo wannan? A can da suna ake kiran manya kamar awaki?" Daga ranar har dusar ƙanƙara ta sauka ta narke, tsohuwar ba ta karɓi shayi daga hannun Burul ba. Ita ke hura wuta, ita ke dafawa, amma in an zo miƙawa sai a kira wata daga maƙwabta.

Toktosun shi ne auta, auta kuma shi ke zama da iyaye, saboda haka babu inda Burul za ta je. Ta haɗiye, ta kulle bakinta, kusan shekara arba'in kalmar ba ta sake fitowa ba. Ko a bakin titi in ta kai bokiti sayarwa, mai mota ya tsaya ya ce, "Wannan mece ce?" sai ta ce, "Abin da ka gani." Har matan ƙauye suka riƙa misali da ita in suna yi wa sababbin amare faɗa. Wannan ɗan yabon shi ne kawai abin da ta samu, kuma ta riƙe shi gam.

Maƙwabciyarta Lyuba, wata 'yar Rasha mai ƙiba da aka haifa a ƙauyen, ita ce mai tsokanarta ta kan shinge.

"Burul, yau me ake tsinka?"

"Idonki ya mutu ne?"

"Ni dai sunan nake so in ji. Faɗa mini a kunne, wallahi ba zan gaya wa kowa ba."

"Je ki nemi aikin yi, kajinki suna cikin albasata."

Bana ne abin ya canza. Tsohuwar ta haura tamanin, tun lokacin sanyi hankalinta ya fara tafiya yana dawowa, da zafi ya shigo sai ya tafi bai dawo ba. Matar da in ta yi gyaran murya kowa ke shiga taitayinsa, ita ce yanzu zaune a kan benci a tsakar gida, hannu biyu a cinya, tana bin Burul da ido duk inda ta yi. Sai kuma ta daina cin abinci. A kawo miya ta kau da kai, a kawo shayi ta tsuke baki. Ruwa kaɗai take kurɓa, shi ma da ƙyar. Ma'aikaciyar asibitin ƙauye ta zo ta dudduba ta, ta ce ba ta ga ciwo ba. Da za ta tafi ta ja Burul bakin ƙofa ta ce, "In ba ta ci ba, ba za ta ga nunar tuffa ba. Ku san yadda za ku yi." Tuffa kuwa ta riga ta fara ja a gefe.

Burul ta yi abin da ta iya. Ta tashi da sassafe ta tsinko malina mai sanyi, ta gasa burodin nan mai ciki da tsohuwar take so tun da can, wanda ko yaya aka yi shi sai ta ce sukari ya yi yawa amma ta cinye rabi. Ta yanko da zafinsa, jan ruwan yana tsiyaya, ta durƙusa a gabanta duk da gwiwar.

"Apa, ga burodin malina. Ɗan taɓa ko kaɗan ne."

Tsohuwar ta waiga bayanta tana neman wadda ake kira Apa. Ba ta ga kowa ba sai bango. Ta juyo ta kalli burodin, ta haɗiye yawu, sannan ta ce a hankali, da wata murya irin ta yara, "Ba a kira ni ba."

"Ga shi ina kiranki, Apa."

"Ba a kira ni ba," ta sake cewa, ta sunkuyar da kai.

Toktosun, da ke gyaran akwatin zuma a gefe, ya ajiye guduma. Shi ne ya fara ganewa. Ya ce a gidan kakanninsa, kamar yadda uwar ta sha ba su labari, yaro ba ya matsowa wurin abinci sai an kira sunansa, in ba a kira ba haka zai kwana. Ya goge hannu a wando, ya matso, ya yi ta tari kamar wanda ƙashi ya maƙale wa, sannan ya ce, "Karagat, zo ki ci."

Tsohuwar ta ja gyalenta ta rufe fuska. "Wane ne wannan tsohon? Ni ba na zuwa wurin maza."

Lyuba, da kunnenta ba ya barin shinge, ta zagayo tana haki. "Ku matsa, ni ba ni da wata kunya." Ta ɗauki farantin. "Karagat, 'yar kirki, zo ga daɗi."

"An hana ni cin abincin maƙwabta," in ji tsohuwar. Tana maganar, idonta yana kan Burul.

Lyuba ta ajiye farantin, ta daina dariya. "Burul, ke take jira. Ta ɗauka ke ce uwarta."

Toktosun ya sosa ƙeya. "To, ki faɗa mana. Na ba ki izini."

"Riƙe izininka," in ji Burul. "Ranar da aka kife kofi kana zaune, ko tari ba ka yi ba. Yau ne kake da izini?"

Ta juya ta shige lambu. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ba kunya ce kaɗai ta hana ta ba, ita ma ta sani. Haushi ne. Matar nan ta sa ta haɗiye kalma ɗaya tsawon rayuwarta, ta wulaƙanta ta a gaban baƙi, ba ta taɓa cewa yi haƙuri ba, kuma yanzu ta manta da komai ta bar Burul ita kaɗai da tunawa. Ai ko wanda za a yi wa fushin ma babu. Ta yi ta tsinkar 'yar baƙa tana jefawa a bokiti da ƙarfi, ta cika ɗaya, ta cika na biyu, don aiki dai ba ya tsayawa saboda ran mutum ya ɓaci.

Washegari tsohuwar ba ta iya fitowa da ƙafarta ba, sai da Toktosun ya riƙo ta ya zaunar a bencin. Wuyanta ya zama kamar tsinke. Burul ta ga haka. Ta zauna da almakashi tana gyaran 'yar baƙa har rana ta take, ta zuba a babban daro, ta ɗora a murhun tsakar gida. Da la'asar maɗin ya fara tafasa, ƙamshin tsami da sukari ya cika gida, rina suka taru suna shawagi. Kumfa ta taso a sama, mai kauri, tsakanin ja da shuɗi. Kumfar maɗi ta yara ce, kowane gida haka ake yi, a kwashe ta a ɗan faranti a kira su su lashe da burodi. Tun da 'ya'yanta suka watse, kaji Burul take zuba wa.

Ta kwashe da ludayi kamar kullum, ta nufi wajen kajin. Sai ta ga tsohuwar ta miƙo wuya tana bin farantin da ido, leɓenta yana motsi, ɗan yatsa ɗaya ya ɗago daga cinya ya koma. Haka autar Burul take yi tana ƙarama in ta yi laifi tana tsoron matsowa.

Burul ta tsaya cak da faranti a hannu. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Harshen ya manta hanyar. Ta duba shinge, Lyuba tana can ta yi kamar tana shanya. Ta duba Toktosun, ya juya baya yana kallon zumarsa. Ta gwada kuma, sai wata murya ta fito a shaƙe, kamar ba tata ba.

"Karagat."

Tsohuwar ta ɗago kai da sauri.

"Karagat, zo ki lashi kumfa kafin rina su riga ki."

Matar da sai an riƙe ta ta dafa bango ta miƙe. Ba ta yi nisa ba, Burul ta tare ta, ta zaunar da ita a kan kututture kusa da murhu. Tsohuwar ta tsoma yatsa ta lasa, ta sake tsomawa, ta riƙe farantin da hannu biyu kamar za a ƙwace. Burul ta gutsuro burodin malina na jiya ta miƙa mata, ta karɓa ta dangwala ta ci. Bakinta duk ya yi baƙi-baƙi.

"Apa," in ji ta, tana taunawa, "na daɗe ina jira. Na ɗauka fushi kike yi da ni."

Burul ta daɗe tana kallonta. "Ba na fushi. Ci abinki."

Rabin maganar ƙarya ce, amma sauran rabin ya ba ta mamaki. Ta goge wa tsohuwar haɓa da bakin zanenta. Toktosun ya kawo buta da kofi ba tare da an sa shi ba, ya ajiye ya koma. Tsohuwar ta ɗauki kofin ta miƙo wa Burul da hannu biyu, Burul ta zuba mata, ta sa maɗi cokali ɗaya a ciki, ta hura mata ya huce. A nan ne ƙauri ya tashi. Daron ya kama a gindi, aikin yini guda ya ƙone, ga kankarar gindin daro tana jiranta. Lyuba ta zagayo ta sauke shi daga wuta.

Da gari ya waye malina ta sake nuna, kamar ba a taɓa tsinkar ta ba. Burul ta ɗaure ƙugu, ta ɗauki bokiti, gwiwa tana ƙara. Ta kai bakin lambu sai ta ji an kama mata gefen riga.

"Apa, ni ma zan tsinka."

Burul ta sauke numfashi. Ta raini huɗu sun girma sun tafi, ga ta biyar ta samu, wadda ba za ta girma ba. Ta ciro ƙaramin kofi daga cikin bokitin ta danƙa mata.

"Riƙe nan, Karagat. Ki bi bayana, akwai ƙaya."