Ƙugiyar da Na Manta

Ina aji biyu na sakandare a Kaura Namoda shekarar da aka fara Shari'a. An hana kiɗan dandali, amma mata kan taru a cikin gida da rana in ana biki. Haka aka yi na ga mawaƙiyar da na fi so, mai kiɗan ƙwarya daga wajen Shinkafi, wadda ita ke tsara waƙoƙinta da kanta.

Kaset ɗinta guda muke da shi a gida. Na saurare shi har na san inda take jan numfashi, kuma na rubuta baitocin duka a bayan littafina na lissafi. Ban taɓa rerawa a gaban kowa ba. Taubashiyata, ɗiyar kawuna da aka kawo daga Zurmi don karatu, ita ce mai baki. Ba ta da haƙurin zama gaban rikoda, sai ta ari littafin ta haddace abin da ta ga dama.

Bikin sunan jaririyar maƙwabtanmu ne, bayan la'asar. Mawaƙiyar ta fi yadda na zata gajarta. Lallen hannunta ya koɗe, kuma kafin ta fara sai da ta ciro goro daga kumatu ta ƙulle a bakin gyale. Aka kifa ƙwarya cikin kwano mai ruwa. Da aka buga, na ji sautin a cikina.

Bayan waƙa biyu ta ce 'yar amshinta ɗaya tana gida da zazzaɓi, ko cikin 'yan mata akwai wadda ta san waƙar randa. Na san ta har da tarin da aka yi a tsakiyar kaset. Abin da nake so a duniya ranar shi ne ta dube ni ta gane haka. Na ɗaga hannu zuwa daidai ƙirji, ya tsaya nan. Taubashiyata kuwa har ta tsallake tabarmi biyu ta durƙusa kusa da ita.

Amshin cewa yake ruwan randa maganin ƙishi. Taubashiyata ta buɗe murya ta ce maganin kishi. Laifina ne. Ina sauri ban yi wa harafin ƙugiya ba a littafi, ita kuma abin da ta gani ta haddace.

Ƙwarya ta tsaya. Na sunkuyar da kai, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, don na ɗauka za a kore ta. Sai tsakar gida ta ɗauki dariya, wata tsohuwa tana cewa a cika mata tulu biyu ta kai gida. Mawaƙiyar ta yi dariya har ta share ido.

“Ke ɗiyata, wa ya koya miki haka?”

“Ni dai haka ta zo mini, Hajiya.”

“To naki ya fi nawa. Haka za mu riƙa cewa.”

Suka maimaita shi ya fi sau goma, mata suna tafi, mawaƙiyar ta dafa kafaɗarta tana ambaton Zurmi a cikin waƙar. Ni ina jikin bango ina kallon ɗan kunnen taubashiyata yana rawa. Ɗan kunnen ma nawa ne.

Da aka tashi, mawaƙiyar ta tsaya dab da ni tana neman takalminta ɗaya. Na gano shi ƙarƙashin tabarma na miƙa mata. Na shirya maganar tun ana waƙa, cewa littafina ne, kuskurena ne. Abin da ya fito shi ne sannu da aiki. Ta sa mini albarka, idonta yana kan takalmin, ta wuce.

A hanya na ce wa taubashiyata ai ta san daga ina kalmar ta fito. Ta ce ta sani mana, amma wa ya riƙe mini ƙafa da aka yi kira?

Na yanke shawarar daina yi mata magana. Kwana huɗu na yi, muna kwana ɗaki ɗaya, muna tafiya makaranta tare, tana ta ba ni labarin yadda hannun Hajiya yake da sanyi. Ba ta lura ba, babu kuma wanda ya lura a gidan, don dama haka suka saba ganina. Rana ta biyar na gaji, na tambaye ta ko ta ga sabuluna.