Gabas ɗin da Na Ƙirƙira

Bari in fara da tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni Mumuni aji uku na yi a firamare a zangon Kumasi, shi ma rabinsa a bayan makaranta na yi shi ina cin gyaɗa, amma ban taɓa yarda a tambaye ni abu in ce ban sani ba. Ranar da wannan hali ya kā da ni tana nan daram a raina, kuma ku sababbin shiga nake so ku ji.

Aikinmu na kula da tsofaffi a gida kun san shi: wanka, abinci, tuna musu magani. Lokacin ina tare da Baba Gariba a unguwar Morrisania da ke Bronx, tsoho mai ciwon suga, ido ya kusa tafiya, ƙafa ta riga ta daina ɗaukarsa. Ba mata, ba ɗa a kusa. Yana da ƙane ɗaya, Awudu, wanda ya rasu a asibiti lokacin da Baba ya je gida ya daɗe. Awudu da takardun wani yake aiki, saboda haka da sunan wani ya mutu, ba wanda ya je karɓar gawa. Aka kai shi tsibirin Hart, inda birni ke binne waɗanda ba su da kowa. Ba a yi masa salla ba. Abin da ke hana Baba barci ke nan.

Shiga tsibirin ba wasa ba ne a lokacin, don a hannun ma'aikatan gidan yari yake, fursunoni ne ma ke binne mutane. Sai an rubuta suna tun da wuri, a ba ka rana. Ni kuma ba na fita da majiyyaci sai da izinin nas mai duba aikinmu. Ta ce, "Mumuni, kar ka cire masa bel, kar ya tsaya shi kaɗai." Bel ɗin shi ne wanda muke ɗaura wa tsoho a ƙugu mu riƙe kada ya faɗi.

Safiyar wata Lahadi cikin Nuwamba muka isa bakin jirgin ruwa. Hazo ya rufe ko'ina. Nan aka ce kowa ya ajiye wayarsa. Baba ya kama hannuna.

"Kai Mumuni, wayarka ce ke nuna alƙibla. Yaya za mu yi?"

Na ce, "Haba Baba! Ni da ko an saka ni a buhu zan nuna maka gabas?"

Ya ce, "Maƙaryacin banza." Amma ya saki jiki.

Ban taɓa ganin wuri mai shiru irin wannan ba. Tsofaffin gine-ginen jan bulo ne tsaye, inda aka tsare fursunoni a da. Tagogi sun farfashe, ƙarafunan jikinsu sun yi tsatsa, bishiya ta tsiro a cikin wani ɗaki ta huda rufi ta fita. Ba mai sayar da komai, ba yaro, ba kare. Ina tura Baba a keken guragu ina ba shi labarin abin da nake gani, har na ce, "Baba, ga ɗaki ba haya, mu tare?" Bai yi dariya ba. Ni ma da na ji muryata ta dawo mini daga bango, sai na bar wasan.

Wata ma'aikaciya ta kai mu wani fili mai ciyawa, ta nuna ɗan farin turke mai lamba. Ta ce a nan wajen yake, tare da wasu da yawa. Ta ja baya ta ba mu wuri.

Baba ya ce, "Tashe ni. Ina gabas?"

Na ɗaga kai, ba rana, ba inuwa. Jirgin da motar da ta ɗauko mu daga bakin ruwa sun juya ni har ban san inda Bronx take ba. Matar nan taku goma ne tsakaninmu, kullum a nan take aiki, da na tambaye ta da ta nuna mini. Amma na riga na yi maganar buhu. Sai na hangi wani dogon bango na kangon kurkukun, ya yi mini kama da bangon masallacinmu na gida. Na ce, "Ga shi nan."

Na tura shi har turken ya zama a gabanmu, na ɗaga shi. Shi liman, ni kaɗai ne sahu, hannuna ɗaya a bel ɗinsa. Ya yi kabbara huɗu. Da ya sallame ya zauna ya ce, "Alhamdu lillahi, na sauke."

Da muka dawo gaɓa aka ba mu wayoyi, na buɗe taswira a ɓoye na nemo dogon bangon. Yamma yake. Ƙeya muka ba Ka'aba. Kuma na san jikin Baba ba zai sake ɗaukar wannan tafiya ba; bai kuwa ɗauka ba.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. Tsohon da ka ke kula da shi ya ara idonka da ƙafarka ne, ba shi da hanyar bincika abin da ka gaya masa. A aikin nan "ban sani ba" ma aiki ne.

A mota na kasa haɗiye abin. Na ce, "Baba, na cuce ka. Ba gabas na nuna maka ba. Sai mu sake neman rana."

Ya juya fuskarsa wajen taga duk da ba gani yake ba. Sannan ya ce, "Ajiye wayar nan, Mumuni. Shi da ke kwance a can, wa ya juya fuskarsa gabas?"