Butocin Alhaji da Sukarin Azumi

Mu uku muke haɗa mota ɗaya zuwa Kano sarin kaya: ni mai sukari da madara, da wani mai sabulu, sai maƙwabcina Alhaji, dattijo mai kayan roba. Ƙa'idarmu ita ce mota ba ta barin Daura sai shagon kowa ya yi ƙasa, kuma wanda kayansa suka fi tafiya shi ke da babban wuri a bayan mota.

Wata shekara azumi ya matso, sukarina ya ƙare ƙaf. Mai sabulu ma ya shirya. Alhaji kuwa ga butoci nan jibge har rufi, ba mai ko taya su.

Na same shi na ce, "Alhaji, don girman Allah a tashi motar nan. Masu shayi da masu koko za su gudu su bar ni."

Ya ce, "Ɗana, dubi shagon nan da kyau. Ya yi maka kama da wanda ya yi ƙasa?"

Wallahi kamar in yi kuka don haushi. Sai na shiga tura mutane a ɓoye su sayo mini butocin. Ƙannen matata suka saya, surukina da ya zo daga Baure ya koma da guda a kowane hannu, har wanzamina sai da na aika. Duk sauran butocin a gidana suka tare, ƙarƙashin gado da bayan ƙyaure, wasu a akurkin kaji. Matata ta tsaya tana kallo ta ce, "Maigida, masallaci za ka buɗe ne ba mu sani ba?" Ban kula ta ba.

Shagon Alhaji ya yi fayau, mota ta tashi. Ina murna.

A Kano murnar ta koma ciki. Alhaji ya tara mu ya ce tun da yake sana'a bai taɓa ganin buta ta yi kasuwa irin ta bana ba, saboda haka babban wuri nasa ne. Mai sabulu ya ce gaskiya ne, shi shaida ne. To me zan ce? In ce ni ne kasuwar? Ina tsaye aka loda butoci har sama, abin banza ba nauyi sai cin wuri. Ɗan sukarin da na samu na cusa, buhu ɗaya ma a cinyata ya iso Daura.

Kafin azumi ya yi nisa sukarin ya ƙare. Mai shayin da tun zamanin mahaifina a shagonmu yake saye ya leƙo, ya ga kantar sukari wayam, ya yi mini sannu da shan ruwa, ya tsallaka titi zuwa wani shagon. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na juya sai ga Alhaji zaune cikin sababbin butoci ya yi tagumi.

Ya ce, "Ɗana, buta ta tsaya cak, na rasa dalili. Amma ka ƙara haƙuri, da sun ƙare za mu tashi."