Tuwon da Na Kai wa 'Yan Gayya

A shekarar da ƙafar Baba ta kumbura har ya kasa taka ƙasa, gyaɗarmu ta nuna a gonar da ke bayan duwatsun Roni. Ruwa ya ɗauke da wuri, ƙasa ta fara tauri. In aka ƙara kwana uku ba a cire ba, sai dai a ja ganye a bar 'ya'yan a ƙasa. Baba ya aika aka kira gayya, wato maƙwabta su taru su yi maka aikin yini guda kai kuma ka ciyar da su. Yini guda ne tak, don washegari gonar wani za su.

Ni kuwa na zo daga Kazaure, inda nake koyarwa, da kaina cike da iyayi.

Da hantsi na ga abin da Inna ta shirya wa maza goma sha wani abu: farau-farau a ƙwarya, dakuwa 'yar mitsitsiya, da goro da ta fasa ɓari-ɓari. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna! Mutane na ƙona bayansu a rana saboda mu, wannan za a kai musu? Ai sai a ce mun yi rowa."

Ta ce, "Mai aiki ba a cika masa ciki. A jiƙa masa maƙogwaro, a ba shi abin taunawa. Tuwo sai an tashi."

Amma ban ji ba. Tana shiga ɗaki gasa wa Baba ƙafa, na ɗora tukunya. Na tuƙa tuwon dawa mai tauri, na kaɗa miyar kuka, na zuba man shanu ba tausayi. Ana kiran azahar na sa aka ɗora a amalanke, na bi baya ina taƙama.

Wallahi sun ci. Sun sa mini albarka har kunya ta kama ni. Suka yi salla, sai wannan ya jingina da gindin tsamiya, wancan ya rufe fuska da malafa. Kafin in tattara kwanuka, gona ta yi tsit, sai minshari. Rabin kunyoyin na nan ba a taɓa ba. Na tsaya da murfin kwano a hannu ina kallonsu.

Can sai ga Inna da tulu a ka. Ta dubi mazan, ta dube ni, ta sauke tulun. Jiƙon tsamiya ne a tulun, da citta da barkono, mai sanyi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ludayi. Ta taɓa ɗan ƙanenta da ƙafa ta ce, "Tashi, rago! Haka za ka yi wa matarka noma?" Wani dattijo ta miƙa masa goro tana cewa, "Malam, a wanke fuska, a tauna wannan, yara na kallonku." Mai kurɓa sai ya yi tari, ido ya yi ja, ya miƙe yana dariya yana neman fartanyarsa.

Sun yi aiki kamar ana korar su, amma rana ba ta jira ba. Kunya shida suka rage. Ni da Inna muka kwana biyu muna ƙwaƙule su da hannu, kusan rabi ya zauna a ƙasa. Na yi kuka don haushin kaina, ita kuwa sai tsokanata take, wai malamar makaranta ta kashe maza da tuwo.

Da Baba ya tambayi dalilin da aikin bai ƙare ba, ina bakin ƙofa. Inna ta gyara masa matashi ta ce, "Rana ce ta yi zafi, Malam."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga murya don in ji: "An ce 'yata ta yi wa mutane tuwon da ba a taɓa yi a gayya ba. Allah ya yi miki albarka, kin fitar da ni kunya."

Na ce amin da ƙyar. Har ya bar duniya yana ba baƙi labarin tuwon nan, Inna na gefe tana amsa masa da "Ƙwarai kuwa."