Lambun Inna a bakin rijiya

Shekarar da likita ya ce Baba yana da ciwon suga, a ita ce wasu tsofaffi biyu, miji da mata, suka fara zaga ƙauyukan Kalgo da irin kayan lambu. 'Yan mishan ne daga kudancin jiha, sun yi ritaya, cocinsu ya turo su koya wa gidaje noman ganye. Da suka je gaida mai garinmu ya ce musu lambu an yarda, wa'azi kuwa muna da masu yi mana. Suka ce sun ji, kuma ban taɓa jin sun saɓa ba. Ɗaki suka kama haya a Kalgo. Kullum da safe za ka gan su kan wani tsohon babur mai tari, shi da malafa, ita a baya rungume da buhun taki. Shi ana ce masa Mai Lambu, ita kuma Mama.

Ni ina aure a Gwandu, ina koyarwa a firamare, sai Asabar nake shiga mota in je duba Baba. Likita ya ce a rage masa tuwon shinkafa, a cika masa kwano da ganye, in ba haka ba ciwon zai taɓa ido da ƙafa. Ganye kuwa da rani a ƙauyenmu sai ranar kasuwa, shi ma ya iso a yamutse. Shi ya sa Inna ta riga kowa karɓar irin.

Ita a bayan ɗakinta ta so a yi lambun. Mai Lambu ya ce bayanta ba zai iya jidar ruwa har can ba, gara a yi shi a ƙofar gida kusa da rijiya, ga sauƙin ban-ruwa, ga shi masu wucewa za su gani su koya. Rijiyar nan kuwa duk matan unguwa nan suke ɗiba. Inna ta san abin da ke nan, amma ba ta iya musu da baƙo, ta ce to.

Zancen gaskiya, tsofaffin nan sun yi aiki. Na ga dattijon nan ya durƙusa gwiwoyinsa na ƙara, yana ja wa Inna fangali da igiya. Mama na murje kashin shanu da hannunta, ko a jikinta, tana nuna yadda ake dashe da yamma a rufe da ciyawa. In sun gaji su zauna gindin darnin da aka kewaye lambun da shi, Inna ta kawo musu nono, su sha su yi ta godiya. Kafin wani lokaci ga alayyafo, ga yakuwa, ga latas, ga karas, ga kabeji layi guda. Wurin ya yi shar, har Baba ya sa aka riƙa fitar masa da kujera yana kallo.

Masu wucewa sun gani, sai dai ba koyo suka yi ba. A wurinmu ganye ba abin hanawa ba ne, wanda ya hana shi ya shiga bakin duniya. Mace za ta zo ɗiban ruwa, ta ajiye tulu, ta leƙa ta ce yaya mai jiki, Allah ya sawwaƙe, a fita ta ce bari in ɗan tsinki na miya. Ɗan na miyar nan sai ya cika bakin zane. Wasu ma ba tsinka suke ba, tugewa suke har saiwa. Akwai wata mai haƙorin Makka, mijinta na da fadama da injin ban-ruwa, na gan ta da idona ta fyace majina da yatsu ta goge a zane, ta tura hannun nan cikin latas tana zaɓe. Ranar ko ruwan rijiyar ban iya sha ba. Kuma duk matan nan an ba su iri kamar yadda aka ba Inna, wasu kaji suka zuba wa, wasu yana nan soke a rufin ɗaki.

Alayyafo bai taɓa kai girman da za a yi wa Baba kwaɗo ba, da ya ɗago kai an sheme shi. Na ce wa Inna ta riƙa kulle ƙyauren darnin, ko ta bar ni in tsaya musu, ni ba na jin kunyar kowa a kan lafiyar ubana.

Ta ce, “Ke, ganye na hwa. So kike a ce na yi rowar haki?”

Da na ga ba ci, sai na tare Mai Lambu na zayyana masa komai. Na zaci ransa zai ɓaci. Sai na ga bakinsa har kunne. Wai abin da suke roƙon Allah ke nan, lambu guda yana ciyar da unguwa, wannan ai albarka ce, a can ƙauyen Wurogauri ma da za a samu irin Inna da sun more. Mama na gefe tana gyaɗa kai. Takaici ya ishe ni. Mutanen kirki ne, amma ganin ganye a hannun mutane kawai suke, ba su taɓa leƙa kwanon wanda aka yi lambun dominsa ba.

Kabeji ne ya rage mana. Shi ba a tsinkarsa ganye-ganye, kuma Inna ta ce babu mai ƙarfin idon da zai roƙi kai guda. Ta riƙa rufe shi da tsofaffin kwanduna, yana dunƙulewa a hankali. Ana haka wani ƙurji ya fito wa Baba a ƙafa ya ƙi warkewa, aka kwantar da shi asibiti a Birnin Kebbi, ni da Inna muna jinya.

Ranar da muka dawo da shi, tun daga kan hanya na hango kwandunan a kife gefe. An yi suna a maƙwabta, an yanke kabejin kaf, sai kututture. Ba mu gama shimfiɗa wa Baba tabarma ba aka aiko da kwano, wai a ba mai jiki. Na buɗe. Farar shinkafa ce kwanan jiya tana iyo cikin mai, a samanta 'yan zare-zaren kabejinmu an kwaɓe su da madarar gwangwani, sun yi yauƙi, tsami na tashi. Na rufe da sauri.

Inna ta miƙe. Ta je ta kwance awakinta, ta zare ƙyauren darni, ta kora su cikin lambun, ta dawo ta zauna. Suna cikin cin abin da ya saura sai ga ƙarar babur, tsofaffin sun zo gaida mara lafiya. Mai Lambu ya tsaya riƙe da malafa yana kallon awakin. Ya juya ga Inna, ta kau da kai. Mama ce ta ƙaraso ta durƙusa gaban Baba.

“Malam, ko ganyen ne bai yi maka daɗi ba?”

Baba ya gyara ƙafarsa mai bandeji, ya ce, “Wallahi Mama, na dai ji ana yabonshi.”

Ta daɗe a durƙushe a wurin ba ta tashi ba.